Tayoyi Huɗu a Baranda

Shekara shida ke nan Zulhumor tana shanya a karkace. Barandar gidansu, a hawa na huɗu a unguwar Cilanzar, ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma rabinta tayoyi ne: guda huɗu, an ɗora ɗaya kan ɗaya, an lulluɓe da tsohon labule. Tayoyin sanyi ne na mijinta, Malam Tulkin. Ya saye su shekarar da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, ya hau bene da su da kansa yana haki, ya ce duk ranar da sanyi na gaske ya zo za a gane wanda ya yi tunani.

Mu nan Tashkent mun san halin dusar ƙanƙararmu. Ta sauka da asuba, yara su fita su yi ta murna, kafin azahar ta zama taɓo. In ka sa tayar sanyi, kwalta mai ɗumi ta cinye maka ita a banza, don robarta taushi gare ta. In ka bar ta zafi, ranar da ƙasa ta daskare ka taka birki ka ji ka a bayan motar wani. Kowane magidanci da fatawarsa a kan wannan batu, kuma babu mai sauraron wani.

Fatawar Malam Tulkin ita ce digiri bakwai. Ya liƙa ma'aunin zafi a wajen tagar kicin, ya ce sai jan layin ya kwana bakwai a jere ƙasa da bakwai kafin ya taɓa noti ɗaya. Tagar kuwa ita ce wadda rana ke duka tun hantsi, ga tururin girki yana fita ta nan. An sha kaiwa kwana biyar, sau ɗaya har shida, sai rana ta fito a koma farko. Zulhumor ta daɗe da daina magana, sai dai in ta bugi ƙafa da tayoyin ta yi tsaki ta wuce.

Bana ne abin ya daina zama abin tsaki. 'Yarsu ɗaya tilo, Gulsanam, da ke aure a Kokan, can bayan duwatsu, ta haifi 'yarta ta fari. An sa ranar Asabar ta arba'in don bikin beshik, wato bikin kwantar da jariri a gadonsa. Kowa ya san gadon jaririn fari daga gidan uwar mai jego yake fitowa. Ita za ta shigo da shi da hannunta, da 'yan katifunsa da mayafansa, da gurasa da alawa, tsofaffin mata su kwantar da jaririn a ciki suna addu'a. Yarinyar da gadonta bai zo ba, ko ba a faɗa ba, marainiya ce a idon dangin miji. Zulhumor ta yi sawu huɗu kasuwar Corsu kafin ta sami gadon da ya kwanta mata a rai, na katakon bishiyar tut, an zana masa furanni kore da ja. Mayafan da kanta ta ɗinka, har idonta ya fara yaji. Ba ta son komai a duniya illa ta shiga gidan nan kafin azahar ranar Asabar, gadon a hannunta, 'yarta tana kallo.

Saura mako uku ta fara.

"Baban Gulsanam, yaushe za ka sauke tayoyin nan?"

Ya ajiye kofin shayinsa, ya leƙa taga. "Zo ki gani da idonki. Goma sha ɗaya. Kina so in ɗora roba mai taushi a kan kwalta mai ɗumi? Kafin mu je mu dawo sun suɗe."

"Ba a tagar kicin za mu yi tafiyar ba, dutsen Kamcik za mu hau."

"Kamcik ma ƙarƙashin dokar kimiyya yake."

"To mu bi jirgin ƙasa."

Nan ya ɓata rai. "In ɗauki gadon jikata in bi layi da shi a tasha, ina da mota a ƙofar gida? Me surukai za su ce? Ki bar mini harkar mota, ni ma ai ban shiga harkar ɗinkinki ba."

Haka aka yi ta yi, kullum da safe ita ta tambaya, shi ya karanto mata lamba. Ta gwada lallashi, ta gwada fushi, ta kwana biyu tana ajiye masa abinci ba magana. Mutumin ya cinye ya ce gishiri ya yi daidai.

Ranar Alhamis da yamma masu hasashen yanayi suka ce ƙanƙara za ta sauka a kan duwatsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji masu iya magana, amma mutanen garin nan ko gorar ba sa tsinkowa sai an ɗaure kaya. Da safiyar Juma'a layin motoci a shagon Usta Normat mai faci ya kai har bakin gidan burodi, kowace mota da tayoyi a kujerar baya kamar fasinjoji. Malam Tulkin ya sauko da nasa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi a matakala cewa ba don hasashen ya sauko da su ba, don zaman lafiyar gida ne. Zulhumor ta ɗaura ɗankwali ta bi shi, don ta san in ta bar shi shi kaɗai zai iya dawowa ya ce layi ya yi yawa.

Sai bayan la'asar layi ya zo kansu. Usta Normat gajere ne mai kauri, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa, tsinke a bakinsa. Ya gangaro da taya ɗaya, ya danna farcen babban yatsa a kan zanenta. Ya sake dannawa. Ya cire tsinken.

"Malam, wannan taya ce ko dutsen niƙa?"

"Sabuwa ce fil. Ko taku ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba."

"Ai shi ne abin tausayin. Ta tsufa ba ta ga duniya ba." Ya juya gefenta, ya nuna wasu lambobi huɗu. "Ka ga shekarar da aka yi ta. Shekara takwas. Ashe ma a shago ta fara zaman jiranka. A ina ka ajiye su?"

"A baranda. A rufe."

"Barandar da rana ke gasawa duk bazara? Yaya," ya juyo wajen Zulhumor, "da kin sani kin riƙa toya masa gurasa a kansu."

Masu jiran layi suka yi dariya. Usta ya lanƙwasa gefen tayar, sai ga tsage-tsage ƙanana sun buɗe kamar faso. Ya ce biyun da suka zauna a sama sun mutu murus, ko an ba shi kujerar Makka ba zai ɗaura su a motar da za ta ɗauki mutane ba. Biyun ƙasa da ɗan sauran rai, amma sun yi tauri, tayar sanyi kuwa in ta yi tauri sunanta kawai ya rage.

"Ga shawara kyauta," in ji shi. "Tsallaka titi shagon tayoyi ka ɗauko sababbi huɗu. In ba ka son wahalar cirewa da sawa, ɗauki irin na kowane lokaci, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. A garinmu sun ishe ka. Ba su kai na sanyi a sanyi ba, ba su kai na zafi a zafi ba, amma suna kai mutum gida."

Malam Tulkin ya gyara tsayuwa irin ta gaban allo. Ba kuɗin ne suka tsaya masa a wuya ba, Zulhumor ta sani. In ya tsallaka titin nan, ya yarda ke nan shekara shida yana gadin shara.

"Sa mini biyun masu kyau a gaba," ya ce. "Motata da gaba take ja. Inda ƙarfi yake nan ake son riƙo."

"Gaba ya riƙe, baya ya tashi rawa. Ka taɓa ganin mutum ya sa takalmi a ƙafa ɗaya, silifa a ɗaya, ya hau santsi?"

"Usta, shekara talatin da ɗaya ina koyar da yadda abu ke riƙe abu."

"Ni kuwa ban ga ƙofar jami'a ba, Malam, amma duk motar da aka janyo daga Kamcik a nan take kwana."

Zulhumor ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya. "Don girman Allah, Baban Gulsanam, ka ji maganarsa. Yau ɗaya dai."

Ya dube ta ta gefen ido. "A gaban mutane?"

Mutane kuwa sun zuba musu ido, maza wajen goma, har da wanda ya taɓa zama ɗalibinsa. Ta haɗiye maganarta. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kunyata shi a waje ba, sai ta ga ba za ta fara a shagon faci ba. Wannan shirun nata ya fi komai ƙona mata rai daga baya.

Usta ya mayar da tsinkensa baki, ya ja jak. "Yaya, ki zama shaida na faɗa."

Ranar Asabar suna idar da sallar asuba suka kama hanya. Gadon a kujerar baya, an naɗe shi da bargo, an ɗaure da bel. But cike da gurasa da ƙullin mayafai. Kwalta a bushe take ƙamas har suka wuce Angren, Malam Tulkin kuwa bai bar kilomita ɗaya ta wuce a banza ba.

"Ina ƙanƙarar, Maman Gulsanam? Duba mini ta ɓangarenki ko na wuce ta ban gani ba."

Ta miƙa hannu baya ta dafa gadon.

Da suka fara hawa gari ya canza. Farko tsilli-tsilli a kan gilashi, can sai fari fat ko'ina, manyan motoci suna jan ciki, ƙanana suna bin sawunsu. Gaskiya dai a faɗe ta, mutumin ya iya tuƙi. Ya sa ƙaramar giya, ya yi shiru, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, motar tana ɗan murza ƙafa tana hawa. Suka ratsa ramin dutse suka fito ɗaya ɓangaren, aka fara gangara. Har Zulhumor ta fara tunanin ko dai ita ce za ta ba shi haƙuri yau.

A kwana ta uku ya ɗan taɓa birki. Gaban motar ya bi kwanar, bayanta ya ƙi. Babu ƙara, babu komai, sai kawai duwatsun suka fara zagaya su a hankali, ta ga babbar motar da ke bayansu ta dawo gabansu, ta ga ramin dutsen da suka baro, ta ji bakinta yana salati. Sai buf! Bayan motar ya faɗa cikin tarin ƙanƙara a gefen da dutse yake, ba gefen kwazazzabo ba. Injin ya mutu. Motar ta zauna, hancinta yana kallon Tashkent.

Ta duba gadon tukun, sannan ta duba mijinta. Babu wanda ya ƙwarzane. Ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya buɗe baki.

"Kin dai gani, gaban ya riƙe."

Zulhumor ta buɗe ƙofa ta fita. Da ta zauna minti ɗaya a motar nan da ta faɗi abin da ba ya gogewa.

Tayoyin baya sun nutse a lambatu, na gaba suna ta juyawa a banza. Babu mai iya tsayawa a gangarar nan ya taimaka, kowa ya zo sai ya rage gudu, ya leƙo, ya girgiza kai, ya wuce. Wani direban haya ya sauke gilashi ya ɗaga murya, "Baba, 'yan birni ne ku? An gani ai!" Malam Tulkin ya durƙusa yana tonon ƙanƙara da murfin tukunya, ita kuma ta tsaya da takalmin biki, sanyi yana shiga mata har ƙashi, tana kallon agogo. Tara ta yi. Goma ta yi.

Ta hau kan wani dutse inda waya ke ɗan kamawa, ta kira Oynisa, uwar mijin Gulsanam.

"Subhanallahi! Ku dai lafiyarku ƙalau?" in ji Oynisa. Ana jin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka a bayanta. "Kada ku yi gaggawa, suruka. Ku taho a hankali, muna nan muna jira."

"Ku jira mu don Allah. Gadon lafiya lau yake. Ko da awa biyu ne."

"Haba, ai ba sai kin roƙa ba."

Sai wajen sha biyu da rabi motar share hanya ta iso. Mutanen suka ɗaura igiyar ƙarfe suka fizgo su waje. Ɗaya daga cikinsu ya zagaya motar, ya dubi tayoyin gaba, ya dubi na baya, ya dubi Malam Tulkin. Ya ɗauko sarƙa ya ɗaura musu, ya ce su bi bayansa, kada su kuskura su wuce gudun jaki. Haka suka sauko daga dutsen, sarƙa tana ƙaƙas-ƙaƙas, azahar ta same su a hanya ta wuce.

Zulhumor kuwa zuciyarta ba ta huta ba. Ta jera maganganun da za ta faɗa masa in sun koma gida, ta fara daga ranar da ya hau bene da tayoyin, ta bi shekara-shekara. Wasu ta gyara su sau uku don su fi zafi. Sau ɗaya ya yi gyaran murya zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya fasa. Da suka sauka kwari kwalta ta sake bushewa, har da rana, aka tsaya aka cire sarƙa. Ta ce a ranta, Oynisa ta ce za su jira, tsofaffi ba sa gaggawa, palof kuma, dafa-dukan biki, ba ya lalacewa don ya ɗan jima a tukunya.

La'asar ta yi sakaliya suka shiga layin gidan. Tun daga nesa ta ga mata suna fitowa biyu-biyu, kowace da ƙullin gurasa da alawa a hannu. Matan suka ja gefe suna kallon motar da ta yi kaca-kaca da taɓo, wata ta ce, "Af, ga mutanen Tashkent ɗin nan."

"Kwance gadon," in ji Zulhumor.

"Ko mu fara shiga mu gaisa..."

"Kwance gadon na ce."

Ta yaye bargon don kowa ya ga furannin. Ta kama gaba, shi ya kama baya, suka ratsa tsakar gida. Maza suna naɗe shimfiɗu, an kife babbar tukunya ana kankarewa. A bakin ɗakin mata ta tsaya cak. A tsakiyar ɗakin ga wani tsohon gado nan, katakonsa ya yi baƙi don shekaru, an lulluɓe shi da farin mayafi, wata tsohuwa tana girgiza shi da hannu ɗaya. Alawar da aka watsa a kansa tana nan warwatse a kan darduma. An gama komai.

Oynisa ta taso da sauri, hannu a buɗe. "Sannunku, sannunku! Alhamdu lillahi da Allah Ya kare. Kai, wannan gado ya yi kyau!"

Duk maganganun da Zulhumor ta tara wa mijinta suka juya suka nufi wannan matar.

"Suruka, kin ce za ku jira."

Sai Gulsanam ta fito daga bayan Oynisa, ta rame, idonta ya faɗa irin na masu jego. Ta rungume uwarta ta saman gadon, ta daɗe ba ta saki ba.

"Mama, kada ki ga laifin Inna. Ita cewa ta yi a jira ku ko da magariba ce. Ni na ce a fara. Tsofaffin sun gaji, wasu daga ƙauye suka zo."

"To wancan gadon fa? A ina aka samo shi har da katifu, cikin awa biyu?"

"Na mijina ne, na yarintarsa. Tun makon jiya na sa aka sauko da shi aka wanke, na ɗinka masa katifa." Ta gyara wa uwarta ɗankwalin da ya zame. "Kada ki damu, Mama, ni ban sa rai ba balle in ji ciwo. Tunda kika ce mini Baba ne zai kawo ki."

Babu fushi a muryarta, ko ɗigo. Ba ta ma lura yana nan ba, don ƙyauren ƙofa ya kare shi. Da ta yi kuka, ko ta yi ƙorafi, da Zulhumor ta san abin yi. Amma yarinyar ta auna ubanta tun daga nesa, ta yi shirinta ita kaɗai a gidan mutane, ba ta gaya wa kowa ba, kuma awon nata ya yi daidai.

Zulhumor ta ji gadon yana yi mata nauyi. Ɓangaren baya ne yake sauka a hankali, kamar hannun da ke riƙe da shi ya manta aikinsa. Ba ta waiwaya ba. Ta san fuskar da za ta gani, kuma ba ta son matan nan su bi idonta su gan ta su ma. Ta nemi fushinta na tun safe don ta jingina da shi, ta tarar babu, sai tausayi mai ɗaci wanda ba ta roƙa ba.

Ta ƙara damƙe katakon, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Ɗaga, Baban Gulsanam. Mu shigar da shi tukun."